Yadda na auna girman janaretan da zai ɗauki firij da firiza a gida

Gidan da na yi wa wannan aikin a Kano yana da firij mai ƙofa biyu, da kuma firiza ta kwance mai lita 300, irin wadda ake buɗewa ta sama. Uwargida tana daskarar da zoɓo da kunun aya na sayarwa, ga nama da kayan miya na gida. Janaretan da suke da shi ƙaramin nan ne mai wat 650, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai wuri ɗaya. Da zarar an jona masa firizar sai ya canja murya, ƙwai su dushe, firizar ta yi ƙugi na 'yan sakan, sai a ji ƙwas, ta yi shiru. Bayan minti biyu ko uku ta sake gwadawa, a sake maimaita abu ɗaya. Maigida ya ce da ni: "Malam, a jikinta wat 210 aka rubuta, injin kuma 650 ne. Ina sauran yake tafiya?"

Tambayarsa tana kan hanya, kuma a nan mafi yawan mutane suke yin asarar kuɗinsu. Wat 210 ɗin nan abin da firizar take ci ne bayan ta tashi tana tafiya. Abin da take nema a lokacin tashi daban ne. Kwamfureso mota ce ta lantarki da ke tura gas, kuma a daidai lokacin da za ta motsa daga tsaye takan ja wuta ninki uku zuwa bakwai na abin da take ja a kan aiki. Abin bai fi sakan ɗaya ba idan wuta tana da ƙarfi. Idan janareta ya kasa ba da wannan fizgar, bolt sai ya faɗi, motar ta kasa juyawa, ta ci gaba da jan babbar wuta tana ɗaukar zafi, har obalod ɗin da ke manne a jikinta ya katse. Ƙwas ɗin da suke ji ke nan. Obalod yana ceton kwamfureso ne, amma ba zai yi ta cetonsa har abada ba. Watarana koyil ɗin ciki zai ƙone, ko rile, ɗan abin da ke taimaka wa kwamfureso tashi, ya farfashe, ka cire shi ka girgiza ka ji yana ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.

Abu na farko da na yi, na janyo kayan biyu daga jikin bango na goge ƙurar takardar da ke manne a bayansu. A firij an rubuta bolt 220 zuwa 240, 50Hz, am 1.0, wat 140. A firiza an rubuta am 1.5, wat 210. Da am, wato yawan wutar da ke bin waya, nake lissafi, ba da wat ba, saboda abin da koyil ɗin janareta yake ɗauka am ne. Mota takan ja am fiye da abin da wat ɗinta ya nuna, shi ya sa idan ka ninka bolt da am za ka samu adadin da ya fi wat ɗin da aka rubuta. Wannan adadin shi ake kira VA, dubunsa kuma shi ne kVA ɗin da ake rubutawa a jikin janareta. Firij: 230 sau 1.0, VA 230. Firiza: 230 sau 1.5, VA 345. Su biyun a kan aiki VA 575 ke nan. Ka ga tun kafin a zo maganar tashi, ƙaramin injin ya riga ya kusa cika.

A kan wannan takardar akwai wasu abubuwa biyu da nake dubawa kullum. Ɗaya shi ne harafin yanayi: N na nufin an yi na'urar don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST har 38, T har 43. Firij na hannu da ya fito daga Turai sau da yawa N ne, kuma a bazarar Kano ko Sakkwato kwamfuresonsa ba ya hutawa, yana tashi da kyar saboda matsin gas ya yi sama. Na biyu shi ne bolt. Wanda ya fito daga Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, 60Hz, sai da taransifoma, ita ma taransifomar tana da tata fizgar lokacin jonawa. Na gidan nan duka T ne, na bolt 230.

Daga nan sai awon fizgar tashi. Wani kwamfureso ana rubuta LRA a jikinsa da lamba a gaba, wato am ɗin da yake ja idan motar ta kafe ba ta juyawa. Idan ka same shi, ka yi lissafi da shi kai tsaye. Na firizar nan ya goge, don haka na jira aka kawo wuta na auna da kilam mita mai maɓallin kama fizga. Mita marar wannan maɓallin ba ta da saurin kama abin da bai kai sakan ba, za ta nuna maka ƙasa da gaskiya. Waya ɗaya ake maƙala wa bakin mitar, mai wutar kawai. Idan ka haɗa biyun a baki ɗaya sifiri za ka gani. Ina da guntuwar waya mai filogi a gefe ɗaya da soket a ɗayan, na feɗe rigarta a tsakiya don wayoyin su rabu, da ita nake wannan awon ba sai na taɓa wayar na'urar mutane ba. Na kashe firizar, na bar ta minti biyar, na kunna: am 8. Na maimaita sau uku, bai sauka daga 7.6 ba, bai wuce 8 ba. Firij ya ba ni 5.5. Wato firiza tana neman VA 1,840 a lokacin tashi, firij kuma VA 1,265. Wanda ba shi da mita ya ninka am ɗin takarda sau shida, ba zai yi nisa da gaskiya ba.

Sauran kayan da suke so su kunna tare ba su da yawa: fankar sama biyu, kowace wat 75, ƙwai shida masu wat 10, talabijin da dikoda kusan wat 100. Jimla 310. Dutsen guga, hita, butar lantarki da injin tura ruwa na ce a cire su daga lissafi gaba ɗaya, ba a kan wannan layin za su hau ba.

Lissafin da nake yi shi ne na lokacin da ya fi kowane tsanani a yini, wato komai yana kunne, sannan na'urar da ta fi girma ta tashi. Firij yana tafiya 230, sauran kaya 310, firiza ta fizga 1,840. Jimla VA 2,380. Idan kuma su biyun suka tashi tare, 1,840 da 1,265 da 310, ya zama VA 3,415. Bambancin waɗannan lambobi biyu ya fi dubu, kuma shi ne bambancin sayen matsakaicin janareta da sayen babba. Ba da girman inji na magance shi ba, da tsarin tashi na magance shi, zan zo kai.

A kan 2,380 ɗin akwai ragin da yanayi yake yi. Ƙarfin da kamfani ya rubuta an auna shi ne a matakin teku, a zafi kusan digiri 25. Injin fetur yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari a duk mita 300 na tudu, saboda iskar da yake shaƙa ta fi sauƙi, sannan kusan kashi ɗaya a duk digiri biyar ko shida da zafi ya ƙaru. Kano tana kusan mita 500 sama da teku, a watan Afrilu kuma zafi yana haura digiri 40. Wannan kusan kashi 8 ne, na mai da shi 10 saboda ƙurar da ke toshe filtar iska. Wanda yake Jos, inda tudun ya haura mita 1,200, ragin tudu kaɗai ya kai kashi 12. Na raba 2,380 da 0.9, ya ba ni kusan 2,650. Abin da nake nema ke nan: janaretan da ƙarfinsa na ƙoli ya kai 2,650 ko fiye, wanda kuma nauyin yau da kullum na VA 885 ba zai wuce rabinsa ba.

A kasuwa, babbar lambar da ke manne a tanki ba ta cikin abin da nake karantawa. Sau da yawa sunan samfur ce kawai, za ka ga 3800 ko 4500 a jikin injin da bai kai rabin haka da yawa ba. Ƙaramar takardar da ke jikin koyil ko a gefen soket nake nema, inda aka rubuta ƙarfi iri biyu: wanda zai iya riƙewa tsawon awanni, da na ƙoli wanda zai ɗauka na ɗan lokaci. Na farko da mai shago ya nuna mini yana da kW 2.0 da 2.2, wato wat 2,000 da 2,200. Firij da firiza kaɗai, ba fanka ba talabijin, suna neman 2,070, da ragin yanayi 2,300. Gaskiya irin wannan injin yakan iya tayar da firizar, domin nauyin juyawarsa yana taimaka masa ya haye sakan ɗin farko, amma a bakin iyaka zai riƙa yi kullum, kuma ranar da kabureta ta ɗan yi datti ko fulogi ya gaji, ƙugi da ƙwas za su dawo. Na bar shi. Na biyu yana da kW 2.5 da 2.8, shi ya dace da lissafi.

Akwai hanyar gane ko takardar ma ta faɗi gaskiya, wato girman injin da ke juya koyil. Inji mai cc 196, wanda ake ce wa mai doki shida da rabi, a gudun 3,000 a minti da ake buƙata don samun 50Hz, abin da zai iya fitarwa a soket bai wuce kW 2.5 zuwa 3 ba. Duk wanda ya ce maka irin wannan injin yana ba da kW 4 ko 5, lambar ta fi ƙarfin ƙarfen. Na kuma tabbatar yana da AVR, na'urar da ke riƙe bolt idan nauyi ya hau. Masu kafasita kawai sun fi arha, amma bolt ɗinsu ya fi saurin durƙushewa idan mota ta fizga. Maganar koyil na jan ƙarfe ne ko na alminiyam, mai shago zai ce maka jan ƙarfe ne zalla. Na leƙa ta ramukan murfin baya na kuma ɗaga shi na ji nauyi, domin mai alminiyam ya fi sauƙi a hannu kuma ya fi saurin zafi, amma tun da ana yi wa alminiyam fentin da ke kama da jan ƙarfe, gwaji da kaya ya fi mini duk wannan.

Na je da butar lantarki mai wat 1,500 da dutsen guga mai wat 1,000. Aka zuba baƙin mai da fetur aka tayar. Babu kaya, mita ta nuna bolt 232 da 52Hz, kuma haka ake so, inji marar kaya ya ɗan haura 50. Na jona butar cike da ruwa, ya sauko 226 da 50.5Hz. Na ƙara dutsen guga, 218 da 49.5Hz, muryarsa ta yi nauyi amma ba ta karye ba, ba baƙin hayaƙi. Na bar shi haka kusan minti uku. Da ya faɗi ƙasa da 200 ko ya fara tari, da ban ɗauka ba ko me aka rubuta a jikinsa. Yawancin kwamfureso ba sa tashi da kyau idan bolt ya yi ƙasa da 190 zuwa 200.

Wanda zai tambaya me ya sa ba a ɗauki mai kW 5 ko 6 an huta ba, amsar tana cikin tanki. Babban inji da ke ɗauke da ƙaramin kaya yana ƙona fetur ne wajen juya kansa. Wanda muka ɗauka, da na cika tanki na auna bayan awa biyar da duk kayan a kansa, ya sha kusan lita huɗu. Babba zai sha fiye da haka sosai a kan kaya iri ɗaya, kuma firizar ba za ta ƙara sanyi ko ɗigo ba.

A gida, wurin ajiye shi ne ya fara ɗaukar mana lokaci. Tsohon ƙaramin a lungun da ke bayan tagar ɗakin yara suke kunna shi. Wannan ban yarda da shi ba sam. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da kasala, mutum ya yi barci bai farka ba, kuma an sha rasa iyali guda a dare ɗaya ta wannan hanyar. Ba a kunna shi a zaure, ko baranda mai rufi, ko kicin, ko shago, ko da ƙofa a buɗe take. Mun kai shi ƙarshen tsakar gida, fiye da mita shida daga kowace taga da ƙofa, salansa tana kallon waje, aka yi masa rumfar kwano a sama, gefunan a buɗe.

Wannan nisan ya sa wayar ta kai mita 25 zuwa canjoba, kuma a nan ma ana asarar bolt. Wayar jan ƙarfe mai kauri 2.5 tana zubar da kusan bolt 4.5 a wannan tsawon idan am 10 ya bi ta. Mai 1.5 tana zubar da fiye da 7. Siririyar nan ta 0.75 da ake yin ƙaramin ekstenshan da ita tana zubar da kusan 15, kuma tana yin hakan ne daidai lokacin da kwamfureso ya fi buƙatar kowane bolt. Na sha ganin janareta mai kyau ana zarginsa alhali laifin waya ne. Na sa mai 2.5, mai cibiya uku, na haɗa at, wato wayar da ke kai wuta ƙasa. Ta canjoba ta shiga gida. Kada a taɓa yin waya mai filogi biyu a cusa a soket ɗin bango, domin wutar za ta koma kan layin waje ta kama mai gyara a kan falwaya, kuma idan aka dawo da wuta janaretan zai ƙone.

Yanzu tsarin tashi. Idan kwamfureso yana aiki aka yanke masa wuta, gas ɗin da ke gefen fita yana nan a matse. Sai ya samu minti uku zuwa biyar kafin matsin ya daidaita, rile ma ya huce. Idan aka mayar masa da wuta kafin nan, motar za ta tarar da nauyin da ba za ta iya turawa ba, ko da janaretan kW 10 ne. Lokacin da wannan ya fi faruwa shi ne lokacin da aka kawo wuta, yaro ya ruga ya juya canjoba cikin sakan ɗaya. Shi ya sa na sa wa kowace na'ura gad mai jinkiri, irin wanda ake iya saita masa lokaci. Firiza minti uku, firij minti biyar. Na bambanta su da gangan. Idan duka biyun minti uku ne, za su ƙirga tare su saki wuta tare, ka koma kan VA 3,415 ɗin da kake gudu. Firiza ce a gaba saboda ita ce mai babbar fizga, gara ta tashi injin bai ɗauki kaya da yawa ba. Wanda gad ɗinsa ba a saita shi, ya kunna soket ɗin firij da hannu minti ɗaya ko biyu bayan na firiza. Sitabilaiza kuwa na cire ta daga layin janareta, tun da AVR yana wannan aikin, kuma idan bolt ya faɗi saboda inji ya gaza, sitabilaiza ƙarin am take ja daga injin da ya riga ya gaji.

Da ma firij ɗin irin marar ƙanƙara ne, da na ƙara hitar narkarwa a lissafi, wadda takan ci wat 150 zuwa 300 lokaci zuwa lokaci, fiye da kwamfureson kansa. Da kuma mai kwamfureson inbata ne, fizgar tashi kusan babu, ƙaramin janareta ma zai ɗauke shi, sai dai allon da ke cikinsa ba ya jure wuta mai hawa da sauka, don haka shi ingancin wutar ake duba masa fiye da yawanta.

Gwajin ƙarshe na yi shi da mita a soket ɗin firiza, ba a jikin janareta ba. Aka tayar da inji babu kaya, bireka a kashe, ya yi minti biyu yana ɗumama, sannan aka tura wuta. Fankoki da ƙwai da talabijin suka kama. A minti na uku gad ɗin firiza ya saki, bolt ya sauka daga 229 zuwa 207 kamar ƙiftawar ido ya koma 227, kwamfureso ya ɗauka ba tare da ƙugi ba. A minti na biyar firij ya biyo, ya sauka 213 ya koma. Sai na gwada mafi muni: na kashe firizar kaɗai, na jira, na sake kunna ta komai yana tafiya. Ya taɓa 203 ya dawo. Na ɗora hannu a kan wayar da filogin bayan awa guda, babu ɗumi.

Uwargida ta tambayi awa nawa za a riƙa kunnawa. Don riƙe abin da ya riga ya daskare, ba sai an wuni ana ƙona fetur ba. Firiza a cike, a rufe, tana riƙe sanyi har kwana biyu a ɗaki mai sauƙin zafi, rabin cika kwana ɗaya, firij kuma kusan awa huɗu. A bazara na rage wa waɗannan lambobi, na ce awa uku zuwa huɗu da safe, huɗu zuwa biyar da dare, a cike gurbin da ya rage da robobin ruwa su zama ƙanƙara. Daskarar da sabon kaya kuwa wani lissafi ne. Robar zoɓo 50 mai rabin lita kilo 25 ke nan na ruwa. Sauko da shi daga digiri 30 har ya zama ƙanƙara yana buƙatar a cire masa zafi kusan kWh 3.2, kuma firizar da ke cire zafin wat 250 ba tsayawa za ta yi awa 13 a kai, ban da zafin da ke shigowa ta bango da murfi. Girman janareta ba ya rage wannan lokacin. Abin da ke rage shi shi ne a bar zoɓon ya huce sosai kafin a zuba, a kuma raba shi kashi biyu maimakon a loda gaba ɗaya.

Na rubuta musu tsarin kashewa a takarda aka manna kusa da canjoba: a fara sauke kaya, a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu babu nauyi, sannan a kashe. Kada a bar fetur ya ƙare kayan suna kai, domin a wannan tarin da yake yi kafin ya mutu bolt yana hawa da sauka a kan kwamfureso. Ba a ƙara fetur sai inji ya huce. Baƙin mai na farko a juye shi bayan awa 20, daga nan duk awa 50 a lokacin ƙura, kusan lita 0.6 yake ci, a kuma wanke soson filtar iska duk mako a hunturu. Bayan kwana uku na koma da ma'aunin sanyi. Da asuba, kafin a tayar da inji, tsakiyar firizar tana kan digiri 14 ƙasa da sifiri, bayan awa uku da kunnawa ta sauka 18, firij kuma yana kan 4.